Tambaya da amsa: Me ya sa Mathematica ta ba ni -10 maimakon 250?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ɗalibi ne a ABU nan Samaru, injiniyan lantarki nake karanta. Jiya na sa I = 5 da R = 10 a manhajar lissafi ta Mathematica, na ce ta lissafa min I^2*R, kawai sai ta fito da wani jan rubutu, ta ba ni -10 alhali da hannu 250 nake samu. Kuma sin(x) ma ta ƙi yi. Ko kwamfutar ce ta samu matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau, ka rabu da masu gyara. Babban baƙi da ƙaramin baƙi ne suka haɗa ku faɗa.

Kai da kake Zazzau ai ba sai na yi dogon bayani ba, in ka rubuta Zariya gari ne, in ka rubuta zariya ta wando ce. To haka manhajar take kallon abin, sai dai ita ba ta da hankalin da za ta duba sauran jimlar ta gane nufinka. A wajen kwamfuta A lamba ce 65, a kuma 97, ba su haɗa komai ba.

Ita Mathematica tun fitowarta a 1988 tsarinta ɗaya ne, duk wani suna da ta zo da shi daga gida da babban baƙi yake farawa, Sin, Cos, Sqrt, Pi, Integrate, sannan abin da za a yi aikin a kansa cikin baka mai kusurwa ake sa shi, wato Sin[x]. Shi kuma babban I ɗin da ka ɗauka na kwararar wuta ne, ita tuni ta ba wa lambar nan da in ka ninka ta da kanta take ba da -1, kuma ta kulle sunan, jan rubutun da ka gani ce maka take ba za ta karɓi 5 ɗinka ba, kai kuma ka wuce abinka, sai ta ɗauki nata I ɗin ta ninka ya ba ta -1, sau 10, ga -10 ɗinka nan. Sauran haruffan da ta riƙe su ne C, D, E, K, N da O, shi ya sa masu fiziks ke cin karo da ita duk ranar da suka sa E a matsayin makamashi.

Amma wallahi wanda ya fi ba ni tsoro shi ne kuskuren da ba ya ihu. Rubuta Integrate[e^x, x] da ƙaramin e maimakon babban E da ta sani ka gani, ba jan rubutu ba komai, za ta miƙo maka e^x/Log[e] cikin natsuwa don a wajenta e wani harafi ne kawai kamar y. Irin wannan ne yake bin ɗalibi har gaban malamin da ke duba furojet ɗinsa. Dabara ɗaya, ka riƙa kallon kala, duk sunan da ba ta sani ba shuɗi yake fitowa, in ka ga sin ɗinka shuɗi to ba ta gane shi ba.

Kada kuma ka ɗauki wannan dokar ka kai wa Maple, wata manhajar lissafin, can sin(x) da ƙananan baƙaƙe ne, amma Pi da babban P shi ne 3.14159, pi kuwa suna ne kawai, sin(Pi) sifili ne, sin(pi) haka zai zauna yana kallonka. Har int da Int ma, wato Integrate ɗin Maple, daban ne, na farko ya yi lissafin, na biyu ya rubuta maka alamar ya bar ta. Manhajar Maxima ita ta huta da rigimar, %pi, %e, %i take amfani da su, kuma ni a ganina nata tsarin ya fi tausayin mai koyo. Excel ne ya sangarta mu, ka buga sum ya mayar maka SUM da kansa.

Don haka ka koma ka fara sunayenka da ƙaramin baƙi, i = 5, r = 10, sai i^2*r, za ka ga 250 ɗinka. In kuma ta ci gaba da ba ka wata lamba daban, ka buga Clear[i, r] tukuna ka sake shigar da su.