Tambaya da Amsa: Jirgina Yana Gudu Amma Ya Ƙi Tashi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai walda ne a Gusau, na shafe shekara biyu ina haɗa ƙaramin jirgin sama da bututun ƙarfe, kwanon rufi da injin babur. Farfela tana juyawa, jirgin yana gudu a fili, amma ya ƙi ɗagawa. Shin in ƙara masa inji na biyu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa wa sana'a albarka. Kada ka ƙara inji tukuna, domin a ganina matsalarka nauyi ce. Bututun da ake yin ƙofa da shi da kwanon rufi sun yi wa fukafuki yawa, shi ya sa masu ƙera ƙananan jirage suke amfani da alminiyom, ko katako marar nauyi da aka lulluɓe da yadi. Jirgin 'yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, wanda ya tashi na daƙiƙa 12 a Amurka ranar 17 ga Disamba, 1903, ƙarfin injinsa bai wuce na doki 12 ba, amma katako da yadi ne jikinsa, faɗin fukafukansa kuwa ƙafa 40, kuma sai da suka yi shekaru suna gwada jirage marasa inji.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ranar da zai ɗaga ɗin. Idan tsakiyar nauyin jirgi, wato wurin da nauyin gabansa da na bayansa ke daidaita, ta koma baya fiye da kima, hancinsa zai miƙe sama, iska ta saki fukafukan, ya rikito da matuƙinsa. A yawancin ƙananan jirage, wurinta yana kusa da kashi ɗaya bisa huɗu na fiffike daga gefensa na gaba, kuma da sikeli ake tantance shi, ana auna nauyin da ke kan kowace taya.

A Amurka, inda dubban mutane ke ƙera jirgi a garejin gida, hukuma takan duba shi, sannan a yi gwajin tashi na awa 25 ko 40 a keɓantaccen yanki ba tare da fasinja ba. A nan gida ma ba a tayar da jirgi sai da izinin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya. Saboda haka ka ɗauki zanen jirginka da awon nauyinsa ka nemi shawarar injiniyoyi a Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, gwajin farko kuma ka bar wa matuƙi mai lasisi.