Ɗan ba-ruwanmu a atisayen ƙaramin fili: yana gajiya kamar sauran?

Malam, ka tambaya ko ɗan ba-ruwanmu, wato ɗan wasan da ke bin duk ɓangaren da ƙwallo ke ƙafarsa, yana shan wahala daidai da sauran. A'a, yawanci nauyinsa ya fi sauƙi. Idan aka ƙwace ƙwallo ba ya komawa tsaro, juyawa kawai yake ya shiga cikin waɗanda suka karɓa, shi ya sa gudunsa da bugun zuciyarsa ba sa kai na sauran. Ɗan ba-ruwanmun da aka tsayar a bakin layi ya fi kowa hutawa.

Wannan gurbin ya dace da mai dawowa daga rauni. Ga masu ƙoshin lafiya kuwa, a wasan mutum 4 da 4 tare da 'yan ba-ruwanmu 2, a riƙa sauya su duk bayan zagaye na minti 4, a kuma taƙaita musu taɓa ƙwallo sau biyu.