Filin Tambayoyinku: Wane guzuri za mu riƙe zuwa kwanan daji?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, fatan kina lafiya ya aiki. Ni mazaunin Agege ne, mu shida ne muka haɗa kuɗi za mu je dajin Omo can jihar Ogun mu yi kwana uku a tanti, ba wuta ba firij ba mai abinci a kusa. Wani cikinmu yace mu yi odar abincin nan na Turawa na cikin leda da ruwan zafi kawai ake zuba masa, amma da muka ga kuɗin sai jikinmu yayi sanyi. Dan Allah me za mu riƙe wanda ba zai lalace ba kuma ba zai mana nauyi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya kai ku lafiya ya dawo mana da ku lafiya. Toh abincin ledan nan ba wai ba shi da kyau bane, dafa shi ake a daskarar sannan a zuƙe ruwan jikinsa shi yasa ba nauyi, amma da dala ake sayo shi kuma yawanci leda ɗaya cin mutum ɗaya ce, ku shida sau uku a rana har kwana uku kaga leda 54 kenan, ga batun halal sai ka bi kowace leda ka karanta don wasu da naman alade a ciki. Ni dai nace ku bar shi. Kakanninmu fatake da suke zuwa Gwanja sayen goro wata da watanni a ƙafa da jakuna ai busasshen guzuri suka riƙe, kuma irinsa na nan ana sayarwa a nan Agege da Mile 12.

Ranar farko ku ci mai laushi, dafadukan da aka zubo muku a kula daga gida da dafaffen ƙwai, amma a cinye da rana, dan Allah kar a ce za a ajiye saura zuwa dare, dafaffiyar shinkafa in ta huce ta jima a zafin nan tana iya ɓata ciki ko da ba ta yi tsami ba, kuma ɗumamawa ba ya gyara ta. Burodin Agege ma kwana biyu ne ƙarshensa sai funfuna.

Daga nan sai busassun kaya, kilishi da dambun nama da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da suga da madarar gari, sai dabino da soyayyiyar gyaɗa da dakuwa na jefawa a baki ana tafiya. Amma fa a nan nake so ka natsu ka ji ni, don nan mutanenmu ke yin kuskure. A Kano ko Zariya kilishi zai yi makonni a takarda ba abinda ya same shi saboda iskar can busasshiya ce, nan Ikko kuwa iskar kanta jiƙaƙƙiya ce balle cikin kurmi da raɓa ke sauka kamar yayyafi, takardar nan da mai kilishi ke naɗe maka ita ce za ta jawo laima, kafin ka ankara yayi laushi ya fara fari-fari. Ku cire shi daga takarda ku zuba a leda mai zif ko roba mai murfi da ke kamawa sosai, kuma ku raba kashi uku, na kowace rana daban, yadda ba za a yi ta buɗe abu ɗaya iska na shiga ba. Dambun nama in ka damƙa ka ji da danshi a mayar da shi kasko ya ƙara soyuwa kafin ku tashi. Gyaɗa ko ƙuli da ya yi funfuna ko ɗaci kuwa a zubar kawai ba ƙaƙa, gubar da ke ciki hanta take taɓawa kuma suya ba ta kashe ta.

Da dare ku samu abu mai zafi ko sau ɗaya ne, yana dawo da mutum hayyacinsa wallahi. Indomie da sardin da albasa da yaji ya wadatar, amma ni na fi son kuskus, don ruwa kawai za ka tafasa ka zuba ka rufe minti 5 shikenan, gas ɗinku ya huta. Busasshen zogale ma ku riƙe, a tafasa a tsane a kwaɗanta da garin ƙuli da albasa, ganye yana taimakon ciki in an yi kwana biyu ana cin busasshen abu. Wake ku bar shi a gida, zai cinye muku gas. Ƙaramin silinda mai kilo 3 ya ishe ku, sai dai ina roƙonku da Allah ko ruwan sama ake kar wanda ya kunna shi ko gawayi a cikin tanti, iskar da ke fita ba ta da wari ba ta da launi kuma tana kashe mutum yana barci.

Nauyin gaske kuma a ruwa yake. Ku lissafa lita 4 kowane mutum a rana sha da girki, lita 72 kenan, jakar fiya wata mai guda 20 lita 10 ce wato kilo 10, kaga jaka bakwai da ɗoriya ko alwala ba a sa ba. In mota za ta kai ku har masauki toh alhamdulillah, in kuwa sai kun ɗebi na rafi ku tace da ƙyalle mai tsabta ku tafasa, ya yi minti ɗaya cur yana tafarfasa. Ku sa ORS, wato garin gishiri da suga da ake damawa a ruwa, a jaka saboda gudawa, in babu cokalin shayi 6 na suga da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Abinci ya kwana a rufe nesa da inda kuke kwance saboda tururuwa da ɓeraye, ledoji da gwangwani kuma ku dawo da abinku gida.

Tambaya: Anti sannu da ƙoƙari, daga Idi-Araba nake. Za mu je bakin tekun Tarkwa Bay da maigida da yara mu kwana ɗaya, yaran ba sa rabuwa da fura da nono, zan iya damawa tun a gida?

Amsa: Yauwa ƴar uwa, za ki iya amma a sha ta ranar, kuma ta zauna cikin kula mai ƙanƙara har lokacin sha. Ki sa fiya wata a firiza tun ana gobe tafiya da dare ta daskare, ita ce ƙanƙararki in ta narke kuma ruwan shanku. Ta washegari kuwa ki riƙe busasshiyar fura da madarar gari ki dama a can. Tunda jirgin ruwa za ku shiga ki naɗe komai a leda biyu, kuma kar jirgi ya tashi sai kin ga an ɗaura wa kowane yaro rigar ceto.

Tambaya: Hajiya ina da ciwon suga kuma ina shan magani, abokai sun gayyace ni hawan dutsen Idanre a jihar Ondo, me zan riƙe?

Amsa: Allah ya ƙara lafiya Malam. Ka fara ganin likitanka kafin tafiyar, don hawan dutse na iya sauke suga sosai ga mai allurar insulin ko wasu ƙwayoyin. Garin kwaki da suga ba naka bane, ka riƙe gyaɗa da sardin da dambun nama da ruwa isasshe, kar ka tsallake cin abinci, sannan ka sa suga ko alewa a aljihun gaba, in ka ji rawar jiki da gumi da jiri ka zauna ka sha nan take, kuma tun a mota ka faɗa wa abokanka aljihun da ka sa su.