Ku Tambayi Malamin Kimiyya: In an ƙara sukari, itanol zai ƙaru?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a babbar sakandare a Gusau. A ɗakin gwaji mun haɗa ruwa da sukarin gulukos da yis a kwalba, bayan kwanaki muka tace ta hanyar tururi, sai ɗan ruwa kaɗan ya fito. Da mun ninka sukarin, da mun sami itanol mai yawa? Kuma me ya sa malaminmu ya ce tsantsarsa ba ta samuwa ta wannan hanya?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Tambayar nan ta yi mini daɗi, don yawancin ɗalibai haddace lissafin suke yi saboda WAEC su wuce.

Yis abu ne mai rai. Idan aka toshe masa iska, sai ya ci gulukos ya fitar da itanol, wato sinadarin da ke sa maye a giya, da iskar kabon dayoksaid. Kumfar da kika gani tana tasowa a kwalba ita ce dai ke kumbura ƙullin fanke a gida. Louis Pasteur na Faransa ne ya nuna cewa wannan aikin halittu masu rai ne, sannan a 1897 Eduard Buchner na Jamus ya gano cewa ruwan da aka matse daga yis ma yana yinsa, abin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1907.

Tunda mai rai ne, yana da iyaka. Yana son ɗumi, wajen digiri 25 zuwa 35. Zafi ya yi yawa ya mutu. Itanol ɗin da yake fitarwa kuma guba ne gare shi, da ya kai kashi 14 ko 15 cikin ɗari sai aikin ya tsaya. Saboda haka ƙarin sukari zai taimaka zuwa wani matsayi, daga nan sai ya zauna a kwalba ba mai cinsa. In ya yi kauri sosai ma zuƙe ruwan jikin yis ɗin zai yi.

Tacewar tururi ba ta ƙirƙirar ko ɗigo, rarrabewa kawai take yi. Itanol na tafasa a digiri 78, ruwa a 100, sai tururin farko ya fito da itanol mai yawa, ya sanyaya a bututu ya ɗiga. Amma ruwa na biye da shi. Ki maimaita sau nawa kike so, a wajen kashi 95 zuwa 96 za ki tsaya, domin a nan tururin da ruwan da ke kwalba haɗinsu ɗaya ne. Malaminku ya yi gaskiya. Masana'antu sai sun sa abin da ke tsotse ragowar ruwan.

Roƙona gare ki da 'yan ajinku: kada kowa ya ɗanɗana abin da ya fito, ko da wasa. Kwalaben ɗakin gwaji sun riƙe sinadarai iri-iri, kuma sifirit ɗin da ake ajiyewa a can sau da yawa an gauraya shi da metanol, wanda kaɗan daga cikinsa ke makantarwa. A 2015 mutane sun mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan shan ogogoro mai metanol. Tururin itanol kuma na kama wuta nan take, don haka ku ɗora kwalbar cikin ruwan zafi, ku nisanta ta daga harshen wuta.