Ku Tambaya Mu Amsa: Mandi, Fatura da Sauran Ƙorafin Masu Cin Abinci a Mat'am

Wasiƙun wannan fitowa daga Makka, Jidda da Madina suka zo, kuma duk a kan gidajen abinci na unguwa ne. Masu girki da masu kula da mat'am, wato gidan abinci, da ke taimaka wa wannan shafi ne suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Akwai gidan mandi kusa da mu. In na saya da Azahar, kazar har zarewa take daga ƙashi. In kuwa na aiki yaro bayan La'asar, sai naman ya zo a bushe, shinkafar ta cure, mai ya kwanta a ƙasa. Kuku suke canzawa ne? Magidanci, Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kukun bai canza ba, lokacin sayenka ne ya canza. Mandi a rami ake yinsa, wanda ake kira tannur. A hura itace ko gawayi har ya koma garwashi, a saukar da tukunyar shinkafa da ruwanta da kayan ƙamshi, a jera nama kan raga a samanta, sannan a rufe bakin ramin ruf don kada tururi ya fita. Kaza kan ɗauki awa 1 zuwa 1 da rabi, naman rago awa 2 zuwa 3. Kitsen da ke ɗiga daga sama shi ke ba shinkafar daɗinta. Tunda ba a buɗe ramin sai ya nuna, ba a dafa mandi faranti-faranti. Yawancin gidaje sau biyu suke ɗorawa: na rana ya fito wajen Azahar, na dare tsakanin Magariba da Isha.

Abin da aka ba yaronka ragowar na rana ne da ya yi awa 3 ko 4 a akwatin ɗumama abinci. Zafin nan bai daina shanye ruwan naman ba, kuma ƙirjin kaza ke fara bushewa saboda ba shi da kitse. Don haka ka koya wa yaron ya tambaya yaushe aka buɗe tannur, kuma ya ce cinya yake so. In dole sai da La'asar za ku ci, ku bar mandi ku nemi mazbi, wanda ake gasawa kan duwatsu masu zafi, ko kazar gawayi da shinkafar bukhari, da sharaɗin a ɗora sabuwa a gabansa. Jiran minti 20 zuwa 30 ne, amma ya fi.

Curewar shinkafa kuwa, rabin laifin na ƙunshi ne. Abincin safari ana naɗe shi da takardar alminiyom a ƙulle a leda, tururi ya rasa hanyar fita ya koma ruwa ya jiƙa ta. Da isowarta gida a kwance ta a baza a faranti mai faɗi. A kuma ce dakkus, wato miyar tumatir da barkono, da salatin su zo a leda daban, don in suka kwanta kan shinkafa mai zafi, ganyen ya yi laushi, dakkus ya soma tsami.

Wani abu da ya kamata masu saye su sani: gidaje da yawa yanzu tandar gas suke amfani da ita, daga ƙarshe a sa garwashi ɗaya cikin ɗan kwano da mai a rufe tukunya don hayaƙi ya kama. Ana cinsa lafiya lau, sai dai ƙamshin a sama yake tsayawa, bai ratsa naman ba.

Tambaya: Na sayo bukhari da dare, muka ci, ragowar ta kwana a kicin. Da safe na ɗumama ta sosai na ba yara, kafin Azahar biyu suna amai. Ruɓaɓɓen abinci suka sayar mana? Uwar yara, Makka.

Amsa: Allah ya ba su lafiya, Hajiya. Tunda kun ci da dare ba abin da ya sami kowa, zargin ya fi ƙarfi a kan kwanan da ta yi a waje. Shinkafa na ɗauke da wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus, wadda dafuwa ba ta gamawa da ita. In shinkafar ta huce ta zauna, sai ƙwayar ta hayayyafa ta saki guba, kuma wannan gubar ɗumame ba ya kashe ta ko da shinkafar ta yi tururi. Alamarta amai cikin awa 1 zuwa 6, ba tare da abincin ya canza wari ko ɗanɗano ba. Abin da ke yaudarar uwaye ke nan.

Kada dafaffiyar shinkafa ta wuce awa 2 a waje, a zafin Makka ma awa 1. A raba ta a kwanoni marasa zurfi don ta yi saurin sanyi, a sa a firij, a cinye washegari, ɗumame sau ɗaya tak. Yaran a riƙa ba su ruwan gishiri da sukari na kemis kaɗan-kaɗan. Wanda ya kasa riƙe ruwa, ko fitsarinsa ya ɗauke, ko aka ga jini a bayan gidansa, asibiti nan take.

In da a ce a daren kuka kamu, ku da yawa, to wannan magana ce ta Baladiyya, wato hukumar birni: a adana fatura, wato rasit, da ragowar abincin a kira 940. Kuma a kowane mat'am ki lura da abu biyu: miyar tafarnuwa da mayonis a firij suke ko a kan kanta, kuma hannun da ya karɓi kuɗi shi ne ke ɗaukar burodi?

Tambaya: Ni dattijo ne, ban iya karatun Larabci sosai ba. Takardar abinci ta ce riyal 40, aka karɓi 46, wai dariba, aka kuma ƙara wani abu wai khidma. Haka doka take? Mai karatu, Madina.

Amsa: Baba, an ci ku da yawa. Dariba, wato harajin kaya, a Saudiyya kashi 15 cikin ɗari ne tun watan Yuli na 2020, amma doka ta ce farashin da aka rubuta wa mai saye ya haɗa da shi. In sun rubuta 40, to 40 za ku biya. In 46 suke so, su rubuta 46, fatura ta nuna 40 kuɗin abinci, 6 haraji. Kuɗin khidma kuwa, wato na hidimar da aka yi muku, Ma'aikatar Kasuwanci ta hana gidajen abinci ɗora shi. Abin da kuka ba sabis don jin daɗin aikinsa alheri ne, ba tilas ba.

Kullum ku karɓi fatura. Tun Disamba 2021 ta na'ura ake fitarwa, da lambar harajin gidan da tambarin QR a jiki. Wanda bai da lambar haraji bai da ikon karɓar dariba ko sisi. Ku fara yi wa manaja magana cikin natsuwa, da takardar farashin a hannu. Sau da yawa a nan ake mayar da kuɗi. In ya ƙi, a sa jika ya ɗauki hoton takardun biyu a kira 1900, lambar Ma'aikatar Kasuwanci.

Tambaya: Me ya sa siriyar wasu masu gashi take ɗaci, ba kamar tsiren gida ba? Ɗalibi, Makka.

Amsa: Ɗan'uwa, siriyar da mutanen Hijaz ke so ɗin nan tsirenmu ce, kakanninmu suka zo da ita. Ɗacin daga ƙuli-ƙuli yake. Ko dai ya tsufa mansa ya yi ɗoyi saboda zafi, ko an ɗora tsinken kan harshen wuta garin ya ƙone kafin naman ya nuna. Gwani yakan yanka nama falle-falle, ya baɗe shi da garin ƙuli-ƙuli, ya yayyafa mai, ya gasa da zafin garwashi kawai yana juyawa, sai an sauke ya ƙara sabon yaji. Ka dubi launi: ja mai ruwan ƙasa shi ne daidai, baƙi-baƙi a gefe ƙuna ce. Tsinken da ka tarar a jibge a gefen wuta ɗumame ne, ka ce a gasa maka sabo. In za ka kai wa baƙo, gaya masa akwai gyaɗa a ciki, don wasu jikinsu ba ya ɗaukarta.

Tambaya: Sobiyar da muka saya da azumi, washegari ledar ta kumbura. A sha? Matar aure, Jidda.

Amsa: A zubar, 'yar'uwa. Da sha'ir ko busasshen burodi ake jiƙa ta, a tace a sa sukari da kayan ƙamshi, hel da kirfa, don haka kamar kunun zaki take, da ta ji ɗumi sai ta ci gaba da tsami. Kumburin leda, kumfa da wari mai hawa hanci sun nuna ta wuce. Ki sayi wadda ke cikin ƙanƙara ko firij, ba wadda ta yini kan tebur ba, ki sa ta a sanyi da isarki gida, kuma ki sayi iya wadda za ku shanye tsakanin buɗa-baki da sahur.