Wannan â ɗin da ke fitowa a saƙon gcc, ga inda ya samo asali

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce in ka shiga sabar Linux ta PuTTY (manhajar shiga saba daga nesa) ka kira gcc (manhajar da ke fassara lambar C zuwa shirin da kwamfuta za ta gudanar), sai ka ga `error: âxâ undeclared`, har kana tunanin goge shi ka sake sakawa. Kada ka wahalar da kanka, gcc ɗinka lafiyarsa ƙalau. Ni ma na taɓa kwana a kan wannan â ɗin, ina ta lalube cikin fayil ɗina ina neman harafin da ban rubuta ba.

Tun daga GCC 4.0 da ya fito a 2005, in ya ga locale ɗinka (saitin yare da tsarin haruffa na sabar) na UTF-8 ne, yakan kewaye suna da lanƙwasassun alamomi, wato ‘x’. Kowace alama bayit uku ce, ta buɗewa E2 80 98. To in tagar da kake kallo tana karatu da ISO-8859-1, tsarin da ke ɗaukar kowane bayit a matsayin harafi ɗaya, sai ta ɗauki E2 a matsayin â, sauran biyun kuwa ba su da siffar da za a nuna, sai su ɓace. Sabar na magana da wani yare, taga na saurare da wani.

Ka fara buga `locale` ka duba LANG da LC_CTYPE. In ka ga UTF-8, koma PuTTY, shiga Window, sannan Translation, ka zaɓi UTF-8. Ka tabbata ka danna Save a Session, don nan ne ni na sha kashi: na gyara, washegari na buɗe, ga â na jirana.

Wasu za su ce ka buga `export LC_ALL=C` ka huta. Yana aiki kam, gcc zai koma alamomi miƙaƙƙu. Ni dai ba na barinsa a .bashrc (fayil ɗin da bash ke karantawa duk lokacin da ka buɗe taga), saboda LC_ALL na danne duk sauran saitin locale. Ranar da ka sa wa fayil suna ɗalibai.txt, `ls` ba zai ƙara nuna maka ɗ ɗin yadda yake ba, domin ɓ, ɗ da ƙ babu su a ASCII. In da gaggawa, sa shi a layi ɗaya kawai: `LC_ALL=C make`.

In kuma `locale` ya yi ƙorafin "Cannot set LC_CTYPE", ba a girka locale ɗin a sabar ba ne. A Ubuntu buga `sudo locale-gen en_US.UTF-8` (ko sunan da LANG ɗinka ya nuna, in ba wannan ba ne), ka fita ka sake shiga. In bai tafi ba, turo mana abin da `locale -a` ya nuna.