Tambaya da Amsa: Ƙara wa Rediyon CB Ƙarfi da Sauya Masa Zango

Wasiƙun wannan fitowa duk sun taru ne a kan rediyon CB, wato oba-oban nan mai tasha 40 da ke aiki daga 26.965 zuwa 27.405 MHz, wanda masu harkar ke kira zangon mita 11. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Taransiston ƙarshe (mai ƙara wa sigina ƙarfi kafin eriya) na rediyona mai SSB (salon aika murya ta gefe ɗaya na igiyar rediyo) ya ƙone, lambarsa 2SC1969. Na sayo sabo na saka, bai yi kwana biyu ba shi ma ya tafi. Ina matsalar take? Kuma an ce ana iya saka IRF520 a madadinsa, gaskiya ne?

Amsa: Malam, abu na farko da za mu zarga shi ne sabon da ka sayo. Kamfanin Mitsubishi ya daɗe da daina ƙera 2SC1969 da abokin aikinsa 2SC2166, kasuwa kuwa ta cika da jabu. Ana ɗaukar taransiston wuta na gama-gari mai irin jikinsa, a goge lambarsa a buga wata. Idan ka gwada shi da ma'aunin hannu zai nuna lafiya lau, domin gwajin ba ya kai shi 27 MHz. Sai an danna makirfo asirinsa ke tonuwa: ko ya ba da wat ɗaya da ƙyar, ko ya yi zafi ya mutu. In kana son tabbatarwa, fasa wanda ya ƙone da filaya ka kwatanta ƙwayar silikon da ke ciki da ta na asali. Ta jabu 'yar mitsitsiya ce.

Amma ko da na gaske ka samu, taransiston ƙarshe ba ya mutuwa haka siddan, akwai abin da ya kashe na farkon. Ka fara da eriya. Auna SWR, wato ma'aunin yadda eriya ta dace da rediyo, a tasha ta 1 da ta 40. Ƙasa da 1.5 ya yi kyau, 2 za a iya lallaɓawa, 3 zuwa sama kuwa hukuncin kisa ne, domin ƙarfin da eriya ta ƙi karɓa yana dawowa ya ɗaga wutar da ke kan kolekta, ɗaya daga ƙafafun taransiston uku. Sau da yawa laifin yana cikin kan PL-259, mahaɗin wayar eriya da rediyo, inda gashin waya ɗaya tak ya taɓa ƙafar tsakiya, ko ruwa ya shiga wayar eriyar, irin RG-58.

Sai ɗaurin taransiston. Bayan 2SC1969 kolekta ne, akwai wuta a jikinsa, don haka dole a sa takardar maika tsakaninsa da ƙarfen shan zafi, a shafa farin man zafi siriri a fuska biyu, noti kuma ya bi ta cikin zoben roba. Kafin ka liƙa ƙafafunsa da dalma, auna tsakanin bayansa da ƙarfen, kada ka ga haɗi ko kaɗan. Man da aka lafta da yawa tare zafi yake yi, ba fitar da shi ba.

Na uku shi ne bayas, wato 'yar wutar da ake ba ƙafar bes ta taransisto don ya zauna a shirye, kuma nan ne masu gyara da yawa ke tsallakewa. A rediyo mai SSB akwai wani ɗan diyod da ke manne da taransiston, yana jin zafinsa yana rage masa bayas. In diyod ɗin ya katse, wutar bes za ta haura, sabon taransisto ya ja amfiya har ya gasu ba tare da ka ce uffan a makirfo ba. Ana saita shi ne a yanayin SSB, an rage ƙarfin makirfo zuwa sifiri, an cire gadar gwaji an sa ma'aunin miliamfiya a gurbinta. Adadin gomman miliamfiya ne, kuma littafin gyaran rediyonka ne zai faɗa maka takamaimai.

Batun IRF520 gaskiya ne, yana aiki, kuma jerin ƙafafunsa na get, diren, sos ya zo daidai da ramukan bes, kolekta, emita. Sai dai ba cire wannan saka wancan ba ne. Shi MOSFET ne, wani nau'in taransisto na daban, ba ya fara buɗewa sai get ya samu tsakanin bolt 2 zuwa 4, alhali tsohuwar da'irar bayas kusan bolt 0.6 take bayarwa. Dole a cire ta, har da duk wani koyil da ke kai bes zuwa ƙasa, a gina sabuwa da rezista mai juyi daga layin bolt 8 da ke kamawa lokacin aikawa kawai. Fara daga sifiri, kana ɗagawa a hankali kana kallon amfiyar diren, ka tsaya tsakanin miliamfiya 50 da 100. Kusa da bakin buɗewa ɗan juyi kaɗan yana ninka amfiya, hannu ya yi sanyi. Get ɗinsa kuma yana da kapasitans kusan fikofarad 360, wanda a 27 MHz daidai yake da om 16 kacal, saboda haka sai an sake daidaita koyil da kapasita da ke tsakaninsa da direba, wato taransiston da ke ba shi sigina. A ganinmu RD16HHF1 ya fi shi, tunda don rediyo aka ƙera shi, amma ƙafarsa ta tsakiya sos ce, sai an gitta ƙafa biyu kafin ya zauna.

Tambaya: Wani mai gyara ya ce zai mayar min da rediyo daga wat 4 zuwa 15 ba tare da ya canza komai ba, zai yanke ƙafar wani abu ne ya buɗe wasu koyil. In ba shi?

Amsa: Kada ka ba shi. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, kuma ga dalili.

Ma'aunin wat ba ya bambance firikwensi. Duk abin da ya fito ta bayan rediyo tarawa yake yi ya nuna. Taransiston ƙarshe ba 27 MHz kaɗai yake fitarwa ba, yana haifar da ninkinta: 54, 81, 108, 135. Koyil ɗin nan masu kaurin waya da ke dab da wurin ɗaura eriya matata ce da ke tare su, har da tarko na musamman don 54 MHz. In mai gyara ya sa sukudireba ya wawware su, allura za ta tashi yana murmushi, amma wani ɓangare na ƙarin dattin da matatar ta daina tarewa ne. Wanda kake magana da shi ba zai ji ko ɗigo daga ciki ba. Waɗanda za su ji su ne na wasu zangunan: 108 bakin zangon na'urorin jagorar jiragen sama ne, 135 kuma tana cikin zangon da matuƙa ke magana da hasumiya.

Abin da zai yanke kuwa mai kayyade murya ne. A AM, salon da murya ke hawa igiyar rediyo da ake kira dako, in murya ta cika igiyar ɗari bisa ɗari, ƙololuwar ƙarfi tana ninka na dakon sau huɗu, wato rediyo mai wat 4 da ma yana taɓa 16 a tsinin kalma. Za ka iya gani da idonka a osiloskof: a kan lodin gwaji na om 50, wato rezistar da ake sawa a madadin eriya, wat 4 yana ba da bolt 40 daga tsini zuwa tsini, in ka yi fito a makirfo ya buɗe zuwa 80, tsakiyarsa ta tsuke har ta kusa haɗewa. Da zarar an cire mai kayyadewa, tsakiyar nan za ta koma miƙaƙƙen layi, igiyar tana yankewa ɗif a kowane zagaye. Murya ta dushe, ta fantsama zuwa tasoshi biyu ko uku na gefe.

A ce ma ƙarin na gaske ne, me ya saya maka? Ninka ƙarfi sau biyu desibel 3 ne, rabin mataki ɗaya a ma'aunin S, mai nuna ƙarfin sigina a rediyon mai saurare. Kafin allurarsa ta ƙara mataki ɗaya cikakke sai ka tashi daga wat 4 zuwa 16 na dako, abin da 2SC2078 da ke cikin yawancin rediyon AM ba zai jure ba, taransifomar murya ma haka. Bulalar eriya mai cikakken rubu'in zango, tsawonta kusan mita 2.6, in ta maye gurbin guntuwa mai koyil a gindi, za ta iya ba ka ribar da ta fi wannan, kuma a ji da aikawa duka.

Akwai kuma doka. A Amurka hukumar sadarwa ta FCC ta tsaida wat 4 na dako a AM da wat 12 a ƙololuwa a SSB, ta hana amfilifaya ta waje, kuma taɓa cikin rediyo yana soke amincewar da aka yi masa. Sauran ƙasashe kowace da nata ƙa'idar, ka nemi ta inda kake.

Saitin da ya halatta shi ne mayar da rediyo yadda ya fito daga kamfani: wuta bolt 13.8, lodin gwaji maimakon eriya, a tasha ta 19 ko 20 da ke tsakiya. Rezista 20 masu om 1,000 da wat 2, waɗanda ba na naɗin waya ba, in an haɗa su kafaɗa da kafaɗa sun ba ka om 50. A juya zuciyar koyil da abin roba. Sukudireban ƙarfe yana canza saitin yana ciki, ga shi yana fasa ferait, in ya fashe a rami kuwa an shiga uku.

Tambaya: Ina da lasisin rediyon 'yan sha'awa. Zan iya mayar da tsohon CB zuwa zangon mita 10?

Amsa: Ranka ya daɗe, wannan kam hanya ce mai tsabta, domin mai irin lasisinka an yarda masa ya gina ko ya sauya na'urarsa, muddin ya tsaya cikin 28.000 zuwa 29.700 MHz. Filin da ke tsakanin tasha ta 40 da 28 MHz, da wanda ke ƙasa da tasha ta 1, a yawancin ƙasashe na wasu ma'aikatu ne, lasisinka bai kai can ba.

Buɗe rediyon ka karanta lambar guntun PLL, mai tsaida firikwensin kowace tasha, ita za ta yanke hukunci. Yawancinsu suna raba kiristal na 10.240 MHz ne su samu takun tasha, wanda yake 10 kHz. Tsofaffin, irin PLL02A da MB8719 da uPD858, suna karɓar lissafin rabawa kai tsaye daga maɓallin tasha ta ƙafafunsu, don haka suna sauyuwa. Na baya-bayan, irin LC7131 da TC9106, tasoshi 40 ɗin a rubuce suke a cikinsu. In irinsu ka tarar, ka mayar da murfi, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

A masu MB8719 hanya mafi sauƙi ita ce canza kiristal na mahaɗa, wanda ake ninkawa sau uku. A Cobra 148 GTL 11.325 MHz ne. Kana son tasha ta 1 ta sauka a 28.300, inda masu murya ke taruwa a USB, wato gefen sama na SSB? Bambancin 1.335 MHz ne, ka raba uku ka samu 0.445, sabon kiristal ya zama 11.770 MHz. Tasha ta 40 za ta faɗa a 28.740. Giɓin nan biyar na tasoshin CB, irin tsallaken 20 kHz tsakanin ta 3 da ta 4, za su bi ka har can.

Da ka saka kiristal, mai yiwuwa rediyon ya yi gum, ba ji ba aikawa. Bai lalace ba, VCO ne, wato da'irar da ke samar da firikwensi bisa wutar da PLL ke ba ta, ya kasa kaiwa, PLL ya ga bai kulle ba ya hana aikawa. Sa ma'aunin bolt a wurin gwajin VCO, ka juya koyil ɗinsa sannu a hankali har wutar ta bar maƙura ta zauna, sannan ka zagaya daga tasha ta 1 zuwa ta 40 ka ga tana hawa daki-daki ba ta manne a sama ko ƙasa ba. Daga nan sai koyil ɗin mai ninka uku, sai na mahaɗar aikawa zuwa direba a kan lodin gwaji, sai na gaban mai ji da sigina mara ƙarfi. Tabbatar da firikwensi da na'urar ƙirga, a USB da LSB (gefen ƙasa na SSB) da AM, kowanne yana da nasa saitin.

Eriya ma za ta yi tsawo, tunda ka haura da kusan kashi 5 cikin ɗari. A bulala mai mita 2.6 wajen santimita 12 za su fita, amma kada ka yanke su gaba ɗaya. Rage santimita ɗaya ko biyu kana aunawa, kuma muddin SWR na tashar sama ya fi na ƙasa, da saura.